Na ajiye ta albarushi, na koma ta iska

9 Fabrairu 2025

Toh yau dai na yanke shawara, kuma nace bari in riƙa rubutawa dan kar in manta yadda abin ya faro. Lasisin bindigata zai ƙare a watan Yuni kuma bazan sabunta ba. Shekara 10 kenan ina riƙe da shi, bindiga ɗaya tal, CZ 452 mai cin harsashin .22, da ita nake harbin takarda a yadi 25 da yadi 50 a kulob ɗinmu nan gefen Birmingham. Ranar 5 ga watan nan kuɗin sabuntawa ya tashi daga fam 62 ya koma fam 131, ga takardar likita da tun 2021 dole sai ka haɗa da ita, shima likitan sai ka biya kafin ya sa hannu. Amma wallahi ba kuɗin ne ya kore ni ba. Littafin da muke sa hannu in munje kulob na buɗe na ƙirga, bara gaba ɗayanta sau 13 naje. Tafiyar minti 45 ce a mota, kuma daren Talata ne kawai da safiyar Lahadi ake buɗe filin, Talata bana tashi aiki da wuri, Lahadi kuma yara nada islamiyya ni ke kaisu. Bindigar na nan kulle a akwatin ƙarfe da aka ɗaure a bango, wani sa'in sai inyi wata biyu ban ko buɗe ba.

Ni kuwa harbi tun ina yaro yake raina. Kawuna can ƙauye wajen Malumfashi yana da bindigar toka, har yau ina ganin yadda yake ɗura mata albarushi ya danna da sandar ƙarfe, mu kuma muna gefe da danƙo muna saitin gwangwanin madara akan katanga. Abinda nake so kenan tun lokacin, ka tsaya, ka nutsu, ka ɗauke numfashi, ka saki, abinda ka nufa ya faɗi. Sau 13 a shekara bai isheni ba.

Talatar da ta wuce na samu na leƙa, sai wani dattijo bature da ya haura 70 ya miƙo min bindigar iskarsa, Weihrauch HW97 ta Jamus, yace in gwada. A yadi 25 ɗin da nake haɗa harbi 5 kusan rami ɗaya da .22, da wannan sai suka watse faɗin tafin hannu. Ya karɓa ya harba nashi 5, ƙwandalar peni 5 zata rufe su duka. Yace min shi kullum da yamma yana harba 30 a gadinar gidansa, ba lasisi ba tuƙi. Tun ranar maganar nan ke min yawo a ka.

22 Fabrairu

Na sayo. Dokar Ingila da Wales akan wannan bata da wahalar ganewa, in ƙarfin doguwar bindigar iska bai wuce fut-fam 12 ba, ma'aunin ƙarfi kenan, wajen jul 16, babu batun lasisi, sai dai ka cika shekara 18 kuma in daga shago ne hannu da hannu za'a baka, su rubuta sunanka da adireshi, ba'a turo maka ta gidan waya. Scotland ba haka bane, can tun ƙarshen 2016 sai da takardar izini. Harsashin .22 da na saba yana fita da ƙarfin da yakai fut-fam 100, kenan abinda na koma bai kai ɗaya bisa takwas ɗinsa ba.

Manyan iri biyu ne. Akwai mai sifirin, wadda kai zaka ɗana da ƙarfinka duk harbi ɗaya, sai kuma PCP mai 'yar tukunyar iska a jikinta da ake cikawa har wajen bar 200 a ma'aunin matsin iska, kayi ta harbi sai ta sauka. Mai shagon yaso in ɗauki PCP, yace tunda daga .22 na fito ita zata fi min kama da abinda na sani dan bata motsi in ka harba. Gaskiya ya faɗa min, ba ciniki kawai yake nema ba. Amma sai ka haɗa da famfo ko babbar tukunya irin ta masu nutso a ruwa, kuma ni abinda dattijon nan yayi a gabana shi ke cina. Na ɗauki Air Arms TX200 ta hannu, .177 wato faɗin ƙwayarta milimita 4.5, fam 420 harda madubin saiti da ake ɗora mata a sama. Tana da nauyi, da madubin ta kusa kilo 5. Hannun ɗanawa yana ƙarƙashin bututu, ka ja shi ƙasa har sifirin ya kama, ka tura ƙwayar dalma da yatsa, ka mayar. Sau uku yana maimaita min cewa kar in taɓa sakin hannun nan matuƙar yatsana na cikin ramin, duk da akwai birki a jikinta.

Ya ɗora ta kan na'urar auna gudu a gabana, kurono suke ce mata, ƙafa 778 a sakan ɗaya da ƙwaya mai nauyin giren 8.44, rabin giram da ɗan ɗori kenan, wato fut-fam 11.3. Tana cikin doka.

2 Maris

Azumi ya kama, Allah ya bamu ikon yi. Jiya da yau aikin matari nayi. Daga ƙofar kicin zuwa shingen ƙarshen gadina yadi 18 ne, kuma dokar a nan babu wasa, ƙwaya ɗaya ta tsallake iyakar gidanka ta faɗa na maƙwabci ka aikata laifi ko da bata taɓa kowa ba. Na jingina silab ɗin siminti guda biyu a tsaye, gabansu akwatin katako da na cika da tsohon kafet da tsummokara na danna sosai. Zallar katako mai tauri ko roba baya yi, ƙwayar na iya dawo maka.

Kafin in harba ko ɗaya sai da na ƙwanƙwasa wa maƙwabta duka ɓangare biyu. Uwargida ce ma ta fara kawo maganar, tace "Abban yara, kai baƙar fata ne, musulmi, ga gemu, wani ya hango ka ta taga da doguwar bindiga mai madubi me kake zaton zaiyi?" Kuma gaskiyarta. Na kira su suka ga matarin da idonsu, na faɗa musu lokacin da zan riƙa yi. Tsohuwar dake hannun hagu abu ɗaya ta tambaya, kyanwarta. Na mata alkawari in dai kyanwar na waje bazan ɗana ba.

16 Maris

Sati biyu na wahala, sai shekaranjiya na fara gane kan abin, kuma wannan shine babban abinda na koya zuwa yanzu dan haka bari in rubuta shi da kyau.

Da .22 na saba in matse bindiga a kafaɗa, in ɗaure da maɗauri a dantse, komai tamau. Shekara 10 jikina ya haddace haka. Ita mai sifirin kuwa in ka taɓa kunama ba ƙwayar ce ke fara tafiya ba, fistin ne, ƙarfen da sifirin ke turawa ya matse iska, ke rugawa gaba, bindigar ta ja baya, sannan fistin ya daki iskar da ya matse a ƙarshe bindigar ta zabura gaba, duk wannan na faruwa ƙwayar bata gama fita daga bututu ba. Kenan duk yadda ka riƙe ta yana shiga cikin harbin. Ka matse yau ka sassauta gobe, wuri daban zata sauka. Ka ɗora ta kan tebur ko wani abu mai tauri, sai ta yi tsalle. Maganin shine ka barta tayi motsinta amma iri ɗaya kullum, ka shimfiɗa tafin hannu ta kwanta akai ba tare da ka damƙe ba, kafaɗa na taɓa gindinta kawai, kumatu a wuri ɗaya, kuma bayan ka harba kar ka ɗago kai, ka cigaba da kallon inda ka nufa har ka ji ta daki matari. Na manna ɗan salatif a ƙarƙashin katakon dan hannuna ya riƙa komawa wuri guda.

Wani abin kuma, kwana huɗu harbina na ta sauka yana canza wuri ina zaton ni ne, ashe madubin ne ke zamewa baya kaɗan kaɗan saboda wannan girgiza mai zuwa gaba da baya. Akwai ɗan ƙusa a ƙafar madubin da ya kamata ya shiga rami a saman bindigar, ba'a saukar da shi ba. Na saukar na ɗaure, magana ta ƙare.

Bayan la'asar nake yi, harbi 20 kawai, dan in magariba ta gabato hannu yakan fara rawa da azumi. Jiya guda 5 sun shiga cikin inci ɗaya a yadi 18. Na daɗe banji daɗin takarda irin na jiya ba.

5 Afrilu

Barkanmu da sallah. Na gwada ƙwaya iri uku, JSB Exact na ƙasar Czech, H&N Field Target Trophy na Jamus, da na Air Arms ɗin kanta. Ko a iri ɗaya ma akwai mai faɗin kai milimita 4.51 akwai 4.52, kuma kowane bututu da wanda yake so. Tawa JSB 4.52 ta zaɓa. Gwangwani mai 500 fam 15 na saya, kuɗin da a da harsashi wajen 100 zai bani. Na lissafa, daga ranar da na sayo ta zuwa yau na harba kusan 900. Bara gaba ɗaya 650 ne. Dalma ce, dan haka wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ya zama dole, kuma ina tsince waɗanda suka mutu a cikin akwatin in tara a kwalba.

27 Afrilu

Yau na fara shiga gasar HFT, wato Hunter Field Target, a wani kulob dake cikin ɗan daji, uwargida ta kai yara islamiyya Allah ya saka mata. Abin ba kamar harbin takarda bane sam. Ƙarafa ne aka yanka siffar zomo, kurege, hankaka, an kafa su cikin itatuwa, wani a ƙasa wani can kan reshe, kowanne da rami a jikinsa daga milimita 15 zuwa 45. In ƙwayarka ta shiga ramin ƙarfen ya kife, maki 2. In ta daki jikin ƙarfen kawai, maki 1. In ka kuskure gaba ɗaya babu komai. Guda 30 ne, jimla 60, nisa daga yadi 8 zuwa 45, kuma ba wanda zai faɗa maka nisan, da ido zaka ƙiyasta, sannan da zarar an fara baka da ikon taɓa saitin madubi. Yawanci a kwance ake harbi kana taɓa wani turke, wasu kuma dole a durƙushe ko a tsaye. In ka gama ka ja igiya ƙarfen ya miƙe wa na bayanka.

A nan na gane cewa a filin .22 an ɗauke min rabin aikin, nisa sananne, ga rufi, ga tabarma. Tawa a yadi 30 na saita ta, a yadi 45 ƙwayar na sauka kusan inci 2 ƙasa, a yadi 8 ma ƙasa take bugawa tunda madubi na sama da bututu, kenan na kusa sosai ma sai ka ɗaga. In ka ɗauki 40 a matsayin 45 ka tafi. Sai kuma iska. Iska ce ke turo ƙwayar daga bututu, iska ce kuma ke karɓe ta a hanya, abu ne mara nauyi, 'yar iskar da bata wuce kaɗa ganye ba tana iya ture shi daga bakin ramin. Wanda aka haɗa mu tare, wani mai gyaran famfo, ya koya min in riƙa kallon ciyawa da igiyar ƙarfen da kuma tabon ƙwayoyin waɗanda suka riga ni a jikin fenti, in duk sun taru a dama toh iskar daga hagu take.

Na samu 37. Na kifar da 9, na daki jiki 19, biyu ban taɓa komai ba. Na dawo da taɓo har gwiwa kuma tun a mota nake lissafin wata mai zuwa.

17 Mayu

Na kai CZ ɗin wajen dillali mai rajista, da ragowar harsashi, ya rubuta a littafinsa, na turawa 'yan sanda sanarwa yau ɗin nan duk da doka ta bada kwana 7. Bazan ɓoye ba, da na goge ta jiya da daddare sai da naji wani iri. Da ita na koyi komai, kuma akwai abinda ta iska bata da shi, ƙamshin albarushi in ka buɗe ta, da ɗumin kwanson harsashi in ya faɗo kan tabarma, wannan ƙamshin shi ke maida ni zauren kawu. Yadi 100 ma yanzu ya wuce ni, abinda nake da shi iyakarsa wajen 50.

Amma na tambayi kaina tsakani da Allah, in na biya na sabunta, sau nawa zan fito da ita? Tun Fabrairu sau ɗaya na taɓa ta. Bindigar da ba'a harbawa gara ta tafi hannun wanda zai harba.

8 Yuni

Wani abu ya faru jiya da ya ɓata min rai. Baƙin babbar sallah sunzo, wani babban yayanmu a nan garin yace in nuna masa bindigar da ake ta labari. Na ɗauko, na tabbatar ba'a ɗane take ba, na miƙa masa. Yana karɓa yace ai wannan ta wasan yara ce, ya juya bakinta wajen da yaran ke zaune suna cin nama. Na kama bututun na maida ƙasa nace "Yaya don Allah, bakin ƙasa." Yaji ba daɗi, nima banso ba a gaban mutane, amma wannan ba wurin kara bane. Daga baya na fita da shi gadina na harbi gwangwanin tumatir a yadi 18, ta shiga ta gaba ta fita ta baya. Yayi shiru.

Rashin lasisi shi ke sa mutane raina ta. A 2005 a Glasgow yaro ɗan shekara 2 ya rasu sanadin ƙwayar bindigar iska da ta same shi a ka, kuma wannan na cikin abinda ya kai Scotland ga dokar da take da ita yanzu. Ni dai a akwatin ƙarfen nan da CZ ta bari nake kulle ta, ƙwayoyi a wani wuri daban, makulli a jikina. Doka ma ta ɗora maka hana 'yan ƙasa da 18 kaiwa gareta.

Babban yarona shekararsa 12, tun Maris yake cewa "Abba yaushe zan gwada?" Ɗan ƙasa da 14 sai da wanda ya kai 21 a tsaye akansa. TX ta masa nauyi, dan haka yau na kai shi kulob ɗin dajin suka ara masa ƙaramar PCP akan benci. Kafin ya taɓa sai da ya karanto min ƙa'idoji uku da ka, baki baya kallon mutum, yatsa baya shiga kunama sai an shirya, kowace bindiga a ɗane take har sai ka duba da kanka. Ya kifar da zomon yadi 20 a harbi na huɗu.

12 Yuli

A satin nan gwamnati ta sanar zata hana yawancin harsasan dalma nan da 'yan shekaru, amma ƙwayar bindigar iska bata ciki. Hankalin 'yan kulob ya kwanta.

Dattijon nan mai HW97 har yanzu muna waya. Shi ya bani labarin cewa garin nan da nake zaune gidan abin ne, kamfanin BSA tun 1905 yake ƙera bindigar iska, kuma har yau suna nan Armoury Road a Small Heath, 'yar tafiya kaɗan daga Coventry Road inda muke sayen naman halal. Yace kakansa ma'aikacin masana'anta ne kuma a zamaninsu bayan an tashi aiki harbin ƙararrawa ake yi, faranti na ƙarfe a yadi 6 da ɗan rami a tsakiya, in ka shigar ƙararrawa ta kaɗa, unguwa da unguwa ake karawa. Har yanzu ana yi, sai dai yawanci a mashaya ne, dan haka ni sai dai labari.

30 Agusta

Na sayi kurono tawa ta kaina, fam 60 ta hannu. Dalili, in 'yan sanda suka karɓi bindiga dan gwaji ba lallai da ƙwayarka zasu gwada ba, kuma in ta haura 12 da kowace iri ce kai ke da laifin riƙe bindiga ba lasisi, ko da baka sani ba. Mai sifirin takan ƙara ƙarfi in ta gama washewa, ko in mai ya shiga gaban fistin ya ƙone. Na gwada iri huɗu, mafi ƙarfi 11.5. Alhamdulillahi. Zan riƙa dubawa duk gwangwani biyu.

Mai gyaran famfon nan ya bani Air Arms S400 ɗinsa, irin PCP ɗin nan, na zagaya rabin fili da ita. Babu musu tafi sauƙi, kamar ka koma .22 ne, ka taɓa kunama ƙwaya ta tafi bindiga ko gezau. Na kuma gwada cika ta da famfon hannu, gumi sosai. Zan saya wata rana saboda yaron, amma ni a ajin masu sifirin zan zauna, dan ita ce ke nuna min kuskurena nan take, ranar da hankalina baya jikina takarda zata faɗa.

26 Oktoba

Daren jiya aka maida agogo baya, yanzu kafin in dawo aiki duhu yayi, harbin gadina ya koma Asabar da Lahadi kawai. Gasar yau 46 na samu cikin 60, mafi yawa tunda na fara, na kifar da 17, na daki jiki 12, ɗaya ya wuce. Na tsaye su ke cin makina har yanzu, guda uku ne ban kifar da ko ɗaya ba, nauyin bindigar na sa bakin yawo kafin in saki. Gwangwani na 9 na buɗe a satin nan.

Na samu wani zaure mai yadi 20 da ake buɗewa daren Alhamis, minti 12 daga gida, na biya kuɗin wata uku ni da yaron. Shirin hunturu shine harbin tsaye zalla, 30 duk zuwa, kuma in rubuta sakamakon kowane dare. Kafet ɗin cikin matari ya zama gari, sai na canza kafin Asabar, kuma kwalbar dalma ta cika, akwai wani a kulob dake narkar da ita yana yin nauyin fatsa, zan kai masa.